Ranar da Allunanmu Suka Tare Hanyar Gusau

Na yi wasu shekaru ina aiki a sashen wayar da kan jama'a na wata hukuma mai kula da zirga-zirgar ababen hawa a Gusau. Ba zan kira sunanta ba, domin da yawa cikin waɗanda muka yi aikin tare suna nan da ransu, kuma garin ba shi da girman da mutum zai ɓuya. Aikina rubutu ne. Ni nake tsara kalaman da ake sakawa a rediyo, ni nake rubuta abin da za a buga a jikin allo, in kuma an tashi yin kalanda ni ake ba tarin hotuna in zaɓo wanda ya fi fito da Oga.

Oga shi ne daraktan sashenmu. Mutum ne mai fara'a, ba ya zagi, ba ya hana ka tafiya in an ce ɗanka ba lafiya. Cutarsa ɗaya, yana son ganin fuskarsa a jikin takarda. Duk sanda aka sako wa sashenmu abin yin aiki, sai ya kira taro ya tambaye mu me ya kamata a yi a rage cunkoso a gari. Wani ya ce a ajiye ma'aikata a bakin kasuwa, wani ya ce a zauna da shugabannin 'yan kabu-kabu da na tasha. Oga ya gyaɗa kai, ya yaba wa kowa. Bayan mako biyu sai ka ga ana sauke katan-katan na kalanda da huluna hana-sallah da riguna masu tambarin hukuma. Akwai shekarar da muka yi bikin ƙaddamar da yaƙi da cunkoso, muka kafa rumfuna da kujeru a tsakiyar titi, aka rufe hanya tun hantsi har la'asar. Masu motoci suka riƙa zagawa ta lunguna suna yi mana irin addu'ar da ba a amsa ta da amin.

Wata rana cikin damina takarda ta iso cewa an kafa kwamiti daga sama, zai zo ya ga abin da sashenmu ya yi da abin da aka ba shi. Ba takardu kawai suke so ba, sun ce za su fita su gani da idonsu.

A nan gizo ya so ya yi mana saƙa. A rahoton da muka aika, wanda ni na rubuta shi da hannuna bisa umarnin Oga, mun ce an kafa manyan alluna na gargaɗi a tashoshin Gusau da Tsafe da Bungudu. Gaskiyar magana kuwa, alluna biyar aka ƙera. Ɗaya yana tsaye a ƙofar ofishinmu. Huɗu suna jingine a bayan ofis tun bara, awakin maigadi suna shan inuwa a ƙarƙashinsu. Kowanne yana da dogayen ƙafafu biyu na ƙarfe, da hoton Oga yana murmushi, a ƙasa kuma da jan fenti an rubuta: KADA KA TARE HANYA.

Oga ya kira ni da direban motarmu ta shela, ya rufe ƙofa. Motar a-kori-kura ce, an ɗora mata lasifika biyu a kai. Direban dattijo ne, Kirista, mahaifinsa aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Gusau, shi kuma a nan aka haife shi, Zamfarancinsa ya fi nawa tsami. Baba muke ce masa duk ofis. Dattijon coci ne, ba ya cin goro, ba ya ƙara ko lita ɗaya a takardar mai.

Oga ya shimfiɗa mana tsarin ziyarar. Da safe kwamiti zai je Tsafe. Daga can su dawo Gusau su ci abincin rana a ofis su duba takardu. Bayan azahar su wuce Bungudu.

“Kun ga, Allah ya yi mana sauƙi,” in ji Oga. “Na Gusau, ga ɗaya nan a ƙofar ofis, zan ce iska ta kayar da sauran, suna wurin gyara. Huɗun nan ku kafa su a Tsafe. Da zarar sun gani sun juya, ku tumɓuke su, ku wuce da su Bungudu. Ni zan riƙe su a kan abinci har sai kun kira ni.”

Baba ya daɗe yana kallon hularsa da ke kan gwiwarsa, sannan ya ce, “Oga, ni tuƙi anka ɗauke ni. In kun ce in kai allo Bungudu, ina kai shi. Amma in wani ya tambaye ni inda na ɗauko shi, Tsafe za ni cewa.”

Oga ya yi dariya ya ce, “Baba, wa zai tambaye ka?”

Ana gobe ziyara muka ɗauki leburori biyu muka fara zuwa Bungudu, muka haƙa ramuka takwas a bakin tasha don kada mu ɓata lokaci gobe. Leburorin biyu ne, diga kuma uku, saboda haka ta ukun ta faɗo a hannuna. Ni da na saba da biro, kafin mu gama tafin hannuna ya yi bororo. Daga nan muka koma ofis muka lodi allunan, muka nufi Tsafe, muka sake wani haƙan, muka kafa su, muka tattake ƙasar da ƙafa. Muka juyo da sauran rana, domin wannan hanya ba a bari yamma ta yi wa mutum a kanta.

Washegari muka riga kowa isa Tsafe, muka ɓoye motar a bayan wani gidan mai. Ni na fito na tsaya kusa da allunan kamar ma'aikacin da ya zo tarbar baƙi.

Farar bas ta iso da su. Na zaci zan ga wani ƙaton Alhaji ya fara saukowa. Sai ga wata 'yar tsohuwa siririya da tabarau, da jakar hannu, da takalmin roba irin na damina. Ita ce shugabar kwamitin. Daga baya na ji cewa tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce, ta yi ritaya, kuma rabin matan auren Gusau sun taɓa durƙusawa a ofishinta. Sauran 'yan kwamitin maza uku ne, suna biye da ita kamar masu jiran a ba su izinin zama.

Oga ya shiga bayani, yana nuna allo da hannu biyu. Hajiya ba ta ɗaga kai ta kalli hoton ba. Ƙasa take kallo. Ta sa bakin takalminta ta ɗan tona gindin ƙarfen, jar ƙasa ɗanya ta fito.

“Darakta, yaushe aka kafa wannan?”

“Ai an jima, Hajiya. An kwana biyu.”

Ta ce, “Ciyawar Tsafe tana da ladabi. Ko'ina ta tsiro, amma ta ga allon gwamnati ta ja baya.”

'Yan kwamiti suka yi murmushi, Oga ya fi kowa dariya. Ta ciro ɗan littafi daga jaka ta rubuta wani abu, ta wuce cikin tasha ta tsaya da direbobi tana tambayarsu abin da yake damunsu. Sun daɗe suna yi mata bayani. Daga nan suka hau bas, ta sa Oga ya zauna kusa da ita, suka kama hanyar Gusau.

Muka ba su kamar rabin awa, sannan muka fito. Tumɓuke allunan bai yi wuya ba, ƙasar ba ta kama ba tukuna. Wani mai shayi a gefe yana kallonmu, ya ce, “Malam, har an gama gargaɗin? Mu ko karantawa ba mu ƙare ba.” Na ce masa fenti za a sake. Muka kwantar da su a bayan mota ɗaya kan ɗaya, muka ɗan jingina su a jikin kan motar, ƙafafun suka fito ta gefe fiye da faɗin motar. Muka rufa tampol, leburori suka hau suka zauna a gefe suna riƙe da igiya.

Abin da ban sani ba shi ne, direbobin tasha sun kai wa Hajiya ƙarar wata kwalbati da ta karye a hanyar Mada, ita kuma ta ce sai ta gani. Da suka kai mararraba sai ta sa bas ta ratse. Oga yana zaune kusa da ita, ba halin ya ɗaga waya. Ya lallaɓa ya turo mini saƙo daga cikin aljihu, amma saƙon bai shigo ba sai bayan komai ya wuce. Saboda haka muka wuce dutsen Kwatarkwashi hankalinmu kwance, muna zaton suna can ofis suna wanke hannu, alhali mun riga mun shiga gabansu.

Duk mai zuwa Bungudu daga Tsafe sai ya ratsa Gusau. Baba ya so mu bi ta bayan gari, amma ruwan da aka yi kwana biyu ya ɓata wani wuri a can, ya ce ba zai sa motar gwamnati a taɓo da wannan kaya ba. Muka shigo cikin gari, muka doshi wurin nan na bakin kasuwa inda kowa ya san abin da yake faruwa. Manyan motocin hatsi suna tsayawa su yi lodi a gefen titi, masu keke napep su jera a bayansu, masu tumatir da albasa su shimfiɗa buhu a abin da ya rage. Hanyar da aka yi don motoci biyu su gifta juna, sai ta koma ta ɗaya, ita ma sai da addu'a.

Baba ya auna wurin da ido, ya ce zai wuce. Motar kam ta wuce. Ƙafafun allunan ne ba su wuce ba. Biyu daga ciki suka shige tsakanin katakon wata gingimari mai buhunan masara, suka maƙale. Baba ya ja gaba, ƙarfe ya yi ƙara. Ya so ya koma baya, wani mai keke napep ya riga ya manna hancinsa a bayanmu, bayansa kuma wani, bayan wannan wata tirela. Masu zuwa daga gaba suka ga mun tsaya, suka shigo hannunmu don su zagaye. 'Yan kabu-kabu suka cike duk wata kafa da ta rage, kamar ana zuba gero cikin kwandon dankali. Kafin minti goma ko mai tafiya a ƙasa sai ya karkace zai wuce.

A cikin jan gaba da bayan nan tampol ya kama wata ƙusa ta gingimarin, ya yage, ya zame. Sai ga fuskar Oga a sarari, tana murmushi a kan jama'a, da jan rubutunta a ƙasa.

Wani ɗan kabu-kabu da ke daf da tagata ya karanta a hankali, harafi bayan harafi, da ƙarfi yadda na kusa za su ji. “Ka-da ka ta-re han-ya.” Ya dubi motar, ya dube ni, ya ce, “Malam, mu aka rubuta wa, ko ku?”

Dariya ta fara daga nan, ta bi layi tana tafiya. Na sunkuyar da kai ina duba madubin gefe, don kawai kada in haɗa ido da kowa. A cikin madubin ne na hango farar bas, can baya, kamar mota goma sha biyar tsakaninmu.

Na ce, “Baba, ga su can.”

Ya leƙa, ya kashe mota, ya harɗe hannu a kan sitiyari. “To,” kawai ya ce.

Daga inda suke ba lallai ne su gane mu ba, tirela ta kare mu. Da mun yi shiru, wataƙila direbansu ya sami lungu ya zame, su tafi cin abincinsu. Na san haka sarai a lokacin. Maɓallin lasifika yana daidai gwiwata, a ciki kuma akwai muryar Oga da muka naɗa wata uku da suka wuce. Na dubi tafin hannuna da ya faffashe saboda diga. Na tuna cewa in abin ya tonu wata rana, rahoton da rubutuna yake, ba da na Oga ba. Ban ce wannan ne dalili ba, ina dai faɗin abin da ya zo mini a rai. Sai na danna.

Muryar Oga ta tashi a kan kasuwar gaba ɗaya, cikin natsuwa da taushi: “Jama'a, hanya ta kowa ce. Duk wanda ya tare hanya, ya sani ya shiga haƙƙin mara lafiya, ya shiga haƙƙin mai naƙuda, ya shiga haƙƙin ɗan makaranta.”

Ni na rubuta kalaman, kuma ban taɓa jin sun zauna daidai kamar ranar ba. Masu albasa suka miƙe tsaye don su ga daga ina wa'azin yake fitowa. Direban gingimarin ya kwanta a kan sitiyarinsa yana dariya har da hawaye. Baba ya dube ni ta wutsiyar ido, na ga kafaɗarsa tana motsi.

Ba a jima ba na ga mutane suna darewa. Hajiya ce tafe a ƙasa, jaka a hammata, tana ratsa tsakanin babura. Oga yana biye da ita ya tattare babbar riga a kafaɗa, fuskarsa ba ta yi kama da ta jikin allon ba ko kaɗan. Na kashe lasifika na sauko.

Ba ta kula ni ba. Ta zagaya bayan mota, ta dubi ƙafafun allunan da jar ƙasar da ke manne a jikinsu. Ta dawo wajen tagar direba.

“Sannu da aiki, Baba. Daga ina?”

“Daga Tsafe, Hajiya.”

“Zuwa ina?”

“Bungudu. Ramukka na can suna jira, jiya munka gina su.”

Oga ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu ba tare da ta waiwaya ba. Ta ce, “Darakta, wannan mu yi ta daga baya. Yanzu akwai mai naƙuda a baya, kai ka faɗa.” Ta juyo gare ni. “Abin maganar nan yana aiki, ko sai muryar Darakta kaɗai yake ɗauka?”

Na miƙa mata makirfo. Ta sa aka kawo mata benci daga wani shago, aka riƙe ta ta hau. Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba a duk shekarun da na yi a hukumar. Ba ta roƙi kowa ba, ba ta kuma zagi kowa ba. Ɗaya bayan ɗaya take kiransu. “Kai mai jar hula, kashe mashin ka tura shi baya. Kai mai keke, ba kai ba, na bayanka, shiga lungun nan. Ke mai tumatir, na gane ki, a aji uku kika fita, ja buhunki ciki.” Matar ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta ja buhun. Leburorinmu da wasu 'yan dako suka zare allunan suka jingina su a bangon wani shago. Baba ya ja motar gefe. Hajiya ta miƙo mini makirfo ta ce, “Kai ne mai rubutun ko? To yau yi da bakinka.” Na karɓa na ci gaba daga inda ta tsaya. Kafin a kira azahar hanya ta buɗe.

Na ɗauka an gama ke nan, za a koma ofis a yi mana abin da za a yi mana. Hajiya ta ce a'a, tsarin ziyara ya ce Bungudu, Bungudu za a je. Aka sake loda allunan, wannan karon a tsaye aka ɗaure su. Ta ce mu shiga gaba, bas ta bi mu. Abincin da Oga ya sa aka dafa ma'aikatan ofis ne suka ci shi.

A Bungudu muka tarar da wani abin. Ramuka huɗu daga cikin takwas ɗin, waɗanda muka haƙa kusa da juna don alluna biyu su ba juna baya, wani bawan Allah ya same su. Manomi ne daga Nahuce, ya kawo ɗanyar masara yana gasawa. Ya kafa itace huɗu a ciki, ya ɗora zana, ya hura gawayi, har da bencin masu saye.

Oga ya samu wanda zai sauke wa abin da yake cinsa, ya ce, “Kai, wa ya ba ka izinin kafa rumfa a ramin gwamnati?”

Mutumin ya miƙe, ya cire hula, ya ce, “Ranka ya daɗe, ni da safe na iske su a gine, ba kowa. Na ce wani mai neman lada ne ya yi.”

Hajiya ta zauna a bencinsa ta ce a gasa wa kowa, har leburori. Tana ɓantarar masara ta yanke hukunci. Rumfa ta zauna inda take, tunda ba a kan titi take ba. Alluna biyu a kafa su a sauran ramukan, yau, da siminti, tana kallo. Biyu kuma gobe su koma Tsafe. Oga da kansa ya riƙe ƙafar allo ɗaya ana zuba kwaɓi, hotonsa yana kallonsa daga sama.

Ban ga rahoton kwamitin ba, ba a nuna wa irinmu. Abin da na gani shi ne bayan 'yan makonni an mai da Oga wani ofishi inda ba a buga komai. Ranar da yake kwashe kayansa ya kira ni. Ya ce, “Tsakaninka da Allah, lasifikar nan, yaya aka yi ta kunnu?”

Na ce, “Oga, girgizar mota ce, gwiwata ta taɓa.”

Ya ce, “Motar ai a kashe take.”

Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi 'yar dariya ya ce in taya shi ɗaukar kwali zuwa mota.

Ni kuma aka ba ni takarda cewa daga ranar, kowace safiya ni da Baba mu kai motar shela bakin kasuwa mu tsaya har azahar. Na san horo ne aka lulluɓe da sunan aiki. Amma na zo na ji daɗinsa fiye da zaman ofis. Na san direbobin hatsi ɗaya-ɗaya, na san wanda in ka yi masa magana a hankali zai matsa, da wanda sai ka ambaci lambar motarsa kasuwa ta ji. Da muka zauna da shugabanninsu, suka yarda su riƙa lodi a wani fili da ke bayan kasuwa in ba a yi ruwa ba. In muna wurin, hanya tana tafiya. Da mun tashi da azahar, kafin la'asar ta koma yadda take.

Bayan wata biyar batirin lasifikar ya mutu. Na rubuta a sayo wani, aka ce ana dubawa. Na ci gaba da fita ina yi da baki, ina tsaye a bayan a-kori-kura, har muryata ta dushe, matata ta ce in na yi sallama a gida ba ta gane ni. Wata safiya shugaban 'yan kabu-kabu na wurin ya zo da kwalbar zuma da ƙullin citta ya ajiye mini a kan mota. Ya ce sun yi shawara a tsakaninsu, in sauko in huta mako ɗaya, su za su riƙa tsawata wa junansu. Sun yi kwana uku suna yi.